Labarin Sarkin Yauri Muhammadu Albishir Ɗan Ayi

Kwanakin baya muna cikin karatun tarihi aka zo kan labarin Mungo Park, Baturen nan da ya biyo Kwara cikin jirgi har ya hallaka a Busa. Da aka ambaci Yauri sai abokaina na aji suka juyo suna dubana suna murmushi, don sun san ni mutumin can ne. Tun daga ran nan ba ni da suna a ɗakin kwana sai jikan masu kashe baƙo. Na san wasa ne, ban kuwa ji haushi ba. Abin da ya dame ni shi ne, da na tambayi kaina ko me na sani game da Sarkin da a ke zargi da wannan aiki, sai na ga ban fi masu yi mini ba'a sani ba. Ga shi kuwa gobe kaɗan za a ba ni aji, yara su tambaye ni labarin ƙasarsu in yi shiru. Saboda haka na tsaya na bi labarin Sarkin nan daga farko, abin da na samu kuwa shi ne na ke so in ba 'yan'uwana almajirai da malamanmu, in Edita ya ba ni fili.

Ƙasar Da Ya Gada

Sunansa Muhammadu Albishir, amma an fi saninsa da Ɗan Ayi. Shi ɗan gidan Jerabana ne, watau gidan da ke riƙe da sarautar Yauri har wa yau. Bisa ga lissafin sarakunan ƙasar ya hau gado cikin 1799, ya rasu cikin 1829, shekara 30 ke nan yana sarauta. Fadarsa tana Bin Yauri, watau Birnin Yauri, kamar mil 8 daga Yelwa, cikin ƙasar da a ke kira Ngaski yanzu.

Sarautar da ya gada tsohuwa ce ƙwarai. Lissafin sarakunanta ya fara daga Tafiraulu, kuma Yauri tana cikin ƙasashen nan da a ke ce da su Banza Bakwai, tare da Kabi, da Zamfara, da Nufe, da Gwari, da Yarabawa, da Kwararrafa. Cikin ƙarni na 16 Kanta Sarkin Kabi ya ci ta, ta yi ta kai gaisuwa Kabi har wajen tsakiyar ƙarni na 18. Sarakunanta Musulmi ne tun da daɗewa, bakinsu kuwa Hausa. Amma fa yawancin talakawansu ba Hausawa ba ne, a lokacin kuwa ba su musulunta ba tukuna. Wanda bai gane wannan ba, ba zai gane kome cikin labarin Albishir ba, don haka bari mu tsaya mu dubi mutanen.

A tsakiyar kogi akwai Gungawa. Mu Hausawa mu muka sa musu wannan suna don suna zaune a gungu, watau tsibiri, su kuwa Bareshe su ke kiran kansu. Su ne tsofaffin 'yan ƙasa, masu jirgi, masu su, masu noman albasa da shinkafa a bakin ruwa, gwanayen kokawa kuma. Arewa da su akwai Shangawa, waɗanda harshensu ya yi dangantaka da na mutanen Busa. A kudu da gabas akwai Kambari, ƙasarsu ta Maginga ita ce Ngaski, sun kuma bazu har Salka da Auna. Ba a fin Bakambare riƙon fartanya, dawarsa da geronsa ne ke ci da birni. Can cikin duwatsun gabas, wajen Dukku da Rijau, sai Dukawa, waɗanda ke kiran kansu Hune, maƙwabtan Dakarkarin Zuru. Su manoma ne kuma maharba, kibiyarsu da dafi, gidajensu a jikin dutse inda doki ba ya iya hawa.

Mutanen duwatsun nan suna da al'adu masu ƙarfi waɗanda suka riƙe su kamar yadda igiya ke riƙe dami. Akwai gormu, wanda Dakarkari ke ce da shi golmo. Saurayi in yana son yarinya ba dukiya zai tara ba, sai ya shiga ƙungiyar samari 'yan'uwansa su riƙa noma gonar uban yarinya damina bayan damina, wani har shekara 7, kāna a ba shi matarsa. Ta haka a ke gane mai ƙwazo da rago, ta haka kuma samarin gari su ke zama tsintsiya ɗaya, waɗanda suka saba riƙe fartanya tare ba su gudu su bar juna ran da aka ɗauki baka. Akwai kuma Magiro, wanda Kambari da Dukawa da maƙwabtansu suka ɗauka muryar kakanni ce. Dattawa ne ke riƙe da asirinsa, mata da yara ba su ganinsa, da shi kuma a ke tsawata wa mai laifi a cikin gari. Yanzu da yawa daga cikin jikokinsu sun shiga Musulunci, waɗansu Kiristanci, al'adun sun ragu, amma a zamanin Albishir su ne shari'ar dutse.

To, ku duba halin Sarkin da Allah ya ba irin waɗannan talakawa. Ƙarfin sarakunan Hausa a kan doki ya ke. Doki kuwa ba ya hawan dutse, ba ya ƙetare Kwara sai da jirgin Bagunge. In Sarkin Yauri ya matsa wa mutanen tudu sai su hau dutse, in ya matsa wa na ruwa sai su janye jiragensu. Saboda haka mulkin Yauri tun asali mulkin lallashi ne da ƙulla amana, ko wace kabila da shugabanninta da al'adunta, Sarki yana karɓar abin da ya ke karɓa, shi kuma yana tsare hanya da kasuwa. Wanda ya tashi cikin irin wannan fada tilas ya koyi sanin inda ƙarfinsa ya tsaya. A ganina wannan ilmi ne ya cece shi daga baya.

Abin da ya sa ƙasar ta zama abin kwaɗayi kuwa shi ne hanyar Gwanja. Fatake su kan taso daga Kano da Katsina da jakuna da takarkarai, ɗauke da kanwa da tufafi da fatu, su ƙetare Kwara a yankin Yauri, su ratsa Bargu ta Nikki, su bi har Salaga su sayo goro. Ko wane ayari sai ya sauka, ya sayi abinci, ya biya fito, ya gai da Sarki. Wanda ya riƙe mashigin kogi ya riƙe bakin jakar fatake.

Shekarun Tsoro

Albishir bai fi shekara 5 bisa gado ba sai duniya ta juya. Cikin 1804 Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi hijira zuwa Gudu, aka gwabza da Gobirawa a Tabkin Kwatto, jama'ar Shehu suka yi nasara. Cikin 1805 Abdullahi ɗan Fodiyo ya ci Birnin Kabi, Sarkin Kabi ya fita da gudu. Ku tuna Kabi ita ce babbar maƙwabciyar Yauri ta arewa, ita ce kuma uwar gijiyarta ta dā. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, sai ka shafa wa naka ruwa. Duk wanda ke zaune a bakin Kwara a wannan shekara idonsa yana arewa, kunnensa yana jiran jin ƙarar tambura.

Ana cikin wannan zaman ɗar-ɗar, a farkon 1806, sai ga wani irin jirgi da ba a taɓa gani ba ya gangaro daga arewa, da fararen mutane a ciki riƙe da bindigogi. Mungo Park ke nan. Shi mutumin Sikotlan ne, likita, wannan kuwa ita ce tafiyarsa ta biyu don neman inda Kwara ta ƙare. Ya taso daga Gambiya cikin 1805 da Turawa wajen 40, zazzaɓi da atuni suka cinye su a hanya. Sa'ad da ya shiga jirgi a Sansandi, cikin ƙasar Bambara, a watan Nuwamba, saura su 5 kaɗai, da bayi 3, da jagoransu Amadi Fatuma. Suka wuce Tambutu, suka yi tafiya ta fi mil 1,000 bisa ruwa. Park ya ƙudura ba zai sauka ba, kuma duk jirgin da ya matso kusa da su sai su buɗe masa wuta. Saboda haka labarinsu ya riga su isowa, ba kuwa labarin alheri ba ne.

A Yauri ne alkawarin Amadi Fatuma ya ƙare, ya sauka, Turawa suka wuce. Da suka kai duwatsun Busa, inda ruwa ke matsewa yana gudu, jirgin ya maƙale. Mutane suka taru a gaɓa, aka yi harbi, Park da sauran Turawa suka faɗa ruwa suka nutse. Bawa guda kaɗai ya tsira.

Wa Ya Kashe Baƙon?

Zargin da a ke yi wa Albishir daga bakin mutum ɗaya ya fito, shi ne Amadi Fatuma. Cikin 1810 Turawa suka aiki wani mai suna Isaaco, wanda ya taɓa yi wa Park jagora, ya nemo labari, ya kuwa sami Amadi a ƙasar Bambara. Abin da Amadi ya gaya masa shi ne, wai Park ya ba hakimin bakin ruwa kyauta ya kai wa Sarki, hakimin ya ji Turawan ba za su komo ba sai ya danne kayan, ya gaya wa Sarki sun wuce ba su bar kome ba. Wai Sarki ya husata, ya sa aka ɗaure Amadi wata 3, ya kuma aika da mayaƙa suka tare jirgin a Busa. Wannan labari shi aka buga a Ingila, daga can ya shiga littattafan makaranta, har ya iso ajinmu.

Amma akwai wata riwaya. Sa'ad da Kyaftin Clapperton ya zo ƙasar Hausa cikin 1824, ya sauka wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a Sakkwato, ya yi ta tambayar labarin Park. Abin da ya samu, a baki da kuma a rubuce cikin Larabci, ya sha bamban da na Amadi. An gaya masa Nasaran sun tsaya a Yauri sun sayi albasa da sauran guzuri, sun aika wa Sarki da kyauta, Sarki kuwa ya aika musu su dakata, ya kuma gargaɗe su game da duwatsun da ke gaba, amma tsoro ya hana su tsayawa, suka wuce, jirginsu ya bugi dutse. Da ya sake zuwa cikin 1826 ya bi ta Busa kanta. Riwayar da ta fito daga can kuwa ita ce, mutanen gari sun ga baƙin mayaƙa sun ɓullo daga arewa da bindigogi, suka zaci 'yan gaba ne na rundunar Filani.

To, mu da a ke koya mana auna magana, sai mu ɗora riwayoyin nan bisa ma'auni. Na ɗaya, Amadi bai ga abin da ya faru a Busa da idonsa ba, shi da kansa ya ce yana cikin mari a lokacin, daga bakin bawan da ya tsira ya ji. Na biyu, shi mutum ne da ya rabu da ubangidansa ana gab da hatsari, yana da bukatar ya wanke kansa. Na uku, Busa ba ƙasar Yauri ba ce, ƙasar Bargu ce mai Sarkinta, ba a kuwa shiga gidan wani da yaƙi haka kawai don a kama baƙon da ya riga ya wuce. Na huɗu, ko cikin maganar Amadi ma, asalin ɓarnar hakimin da ya ci amana ne. Ban ce fadar Yauri ba ta taɓa kayan mamatan ba, gama ɗamarar takobin Park daga Yauri Isaaco ya samo ta, kuma an daɗe ana cewa waɗansu littattafansa suna wurin Sarki. Amma samun kayan mamaci daban, kashe shi daban. Abin da na gani shi ne, Park ya shigo ƙasar da ke cikin firgita, ya ƙi sauka ya gai da masu ita, ya ƙi jin shawarar waɗanda suka san ruwansu. Jarumi ne babu shakka, amma baƙo ko da idonsa ya kai tulu girma, ba ya ganin gari kamar ɗan gari.

Amanar Gwandu

Mutuwar Park ita ce Turawa suka riƙe, amma ga mutanen Yauri ƙaramin abu ne cikin abin da ke gabansu. Kano da Katsina suka faɗi wajen 1807. Cikin 1808 aka ci Alkalawa, aka kashe Yunfa Sarkin Gobir. A wannan shekara kuma Makau Sarkin Zazzau ya bar birninsa ya nufi Zuba, daga zuriyar gidansa aka kafa Abuja ta dā, wadda a ke kira Suleja tun 1970 da 'yan kai. Sarakunan Katsina na dā suka ƙare a Maraɗi. Gidajen sarauta waɗanda suka shekara ɗaruruwa suka watse cikin shekara 4.

Hanya uku ke gaban Albishir. Ko ya yi yaƙi, ko ya gudu, ko ya nemi amana. In ya yi yaƙi, da wa zai yi? Dawakinsa ba su kai na Kabi ba, Kabi kuwa ta faɗi. Maharban Dukawa gwanaye ne a kan dutsensu, amma ba za su sauko fili su mutu don birnin da ba nasu ba. In ya gudu gungu ya tsira da ransa, to ya bar manoman tudu a hannun duk wanda ya zo. Sai ya ɗauki ta uku. Wajen 1810 ya yi mubaya'a, ya shiga ƙarƙashin Gwandu, inda Abdullahi ɗan Fodiyo ke riƙe da yammacin daula. Aka bar masa gadonsa da ƙasarsa, shi kuwa yana kai gaisuwa. Ba a aiko wani mai tuta ya zauna a Bin Yauri ba. Ta haka gidan Jerabana ya shiga cikin 'yan kaɗan ɗin gidajen sarautar Hausa da suka ƙetare zamanin jihadi suna bisa gadonsu.

Na sani cikin masu karanta wannan akwai Kabawa da Gobirawa da Katsinawan Maraɗi, waɗanda kakanninsu suka zaɓi takobi suka yi shekaru suna faɗa, za su ce abin da Albishir ya yi tsoro ne. Akwai kuma waɗanda za su ce ai Musulmi ne ya amsa kiran Shehu, babu abin mamaki. Ni ba na raina jaruntakar na farko, ba na kuma musun maganar na biyu. Amma ina roƙonsu su dubi abin da amanar ta haifa. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, balle wanda aka durƙusa wa ba wada ba ne. Ranar da Yauri ta zama ƙasar amana, dutsen Badukke da gonar Bakambare da gungun Bagunge duk sun shiga cikin inuwar alkawarin, ba su zama dajin da ko wane mai doki zai shiga farautar bayi yadda ya ga dama ba. Sarki ya sunkuyar da kansa shi kaɗai, rawaninsa bai faɗi ba, ƙauyuka kuwa ba su ƙone ba.

Sauran shekarunsa ma ba na hutu ba ne. A kudu Nufe ta kama da yaƙin basasa tsakanin Majiya da Jimada, Malam Dendo yana tsakiya yana juya su. A arewa Kabawa ba su daina tayarwa ba. Hanyoyi suka lalace har ya zama cikin 1824, da Clapperton ya nemi tafiya Yauri daga Sakkwato, Sarkin Musulmi Bello ya hana shi saboda rashin amincin hanya. Duk da haka Bin Yauri ta tsaya. Shehu ya rasu cikin 1817, Albishir yana nan. Ya yi zamani da Abdullahi na Gwandu har ƙarshen ransa, suka bar duniya kusan lokaci ɗaya.

Birnin Da Ya Bari

Muna da shaidar yadda ya bar birnin, gama cikin watan Yuni na 1830 Richard Lander da ƙanensa John suka hauro daga Busa cikin jirgi suna neman takardun Park, suka zauna Bin Yauri wajen mako 5. Takardun dai ba su samu ba, amma sun rubuta abin da suka gani. Sun ce birni ne mai girman gaske, ganuwarsa doguwa, ƙofofinta 8, sun ƙiyasta kewayenta ya fi mil 20. Sun ga ana saƙa, ana ɗinkin sirdi, ana haɗa albarushi, ana noman baba da taba da albasa da alkama da shinkafa mai yawa. Daga nan suka koma suka gangara kogin har teku cikin wannan shekara, suka warware tambayar da ta ci ran Park. Ku auna, birnin da ke tsakanin Kabi da Nufe, bayan shekara 26 ana yaƙi ko'ina, a same shi cike da masu sana'a haka, ai wani ne ya tsare shi.

Amma kada in zama maroƙi. Su Lander ɗin nan sun rubuta wani abu kuma game da Kambari. Sun yaba ƙwazonsu, sa'an nan suka ce an danne su, haraji ya yi musu nauyi, har a kan kama 'ya'yansu a sayar. Wannan gaskiya ce mai ɗaci, ba kuwa zan ɓoye ta don ni ɗan ƙasar ne ba. Gaisuwar da a ke kaiwa Gwandu, da dawakin fada, da ganuwar nan mai ƙofa 8, duk daga gumin wani suka fito, mai gumin kuwa shi ne manomin tudu. Inuwar da Albishir ya yi musu inuwa ce mai tsada. Abin da zan iya faɗi kawai shi ne, sun ga abin da ya fi ta muni da ta gushe.

Bayan Ransa

Ibrahim ya gaje shi, sa'an nan Jibrilu Gajere. Cikin 1844 aka fitar da Gajere, aka naɗa Abubakar Jatau, 'yan gida ɗaya suka zare wa juna takobi. Yaƙin basasa ya ci ƙasar, har sarauta ta bar Bin Yauri ta koma gungun Ikum a tsakiyar kogi. Sarki ya sami mafaka a ruwa, mutanen tudu suka zauna babu mai tsaya musu.

In bango bai tsage ba ƙadangare ba ya samun wurin shiga. Umaru Nagwamatse, ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku, ya sami sarautar Sarkin Sudan cikin 1859, ya kafa Kwantagora cikin ƙasar Kambari wajen 1864. Ya tarar da gidan Yauri a rabe, ya janye gabashin ƙasar. Shi da ɗansa Ibrahim, wanda ya hau cikin 1880, suka yi ta kai hari kan Kambari da Dukawa da Gwari da Kamuku, garuruwa masu yawa suka zama kufai. Waɗanda suka tsira su ne waɗanda suka hau duwatsu da bakansu, ko suka shige gungu. Ba a daina wannan farauta ba sai da Turawa suka ci Kwantagora cikin 1901. Ita kuwa sarautar Yauri sai cikin 1888 ta komo tudu, sa'ad da Abdullahi Abarshi ya zauna Yelwa, inda fada ta ke har yanzu.

Wuraren da labarin nan ya faru da yawa ba a ganinsu yau. Da aka gama madatsar ruwa ta Kainji cikin 1968, tabki ya hauro har Yelwa, ya shanye tsohuwar Busa da duwatsun da suka kama jirgin Park, ya shanye gungu masu yawa, aka ta da mutane fiye da 40,000 aka sake musu mazauni a gaɓa. Amma ganuwar Bin Yauri tana nan a tudu, ta zube ta zama tsibin ƙasa, ana noma a cikinta. Na taɓa tsayawa a kanta da yamma, ina duban gonakin dawa inda dā unguwanni ne, na ce a raina ashe ba Filani suka rushe birnin nan ba, ba Turawa ba, masu shi ne da kansu.

Abin Da Za Mu Gaya Wa Yara

'Yan'uwana, mu ne za a aika garuruwa mu koyar. Waninmu za a kai shi Wara ko Shanga ko Rijau, ya tarar da aji cike da 'ya'yan Kambari da Dukawa da Gungawa, waɗansu Hausa ma ba ta zauna a bakinsu ba. Kada ya dube su kamar mutanen da ba su da labari. Kakanninsu ne suka ci da birni, suka ƙetar da fatake, suka tsare duwatsunsu sa'ad da manyan birane ke faɗuwa. Yaron da ubansa ya yi noman gormu shekara da shekaru kafin a ba shi mata ba ya bukatar mu koya masa haƙuri, sai dai mu koya daga gare shi.

In kuwa darasi ya kai kan Mungo Park, mu faɗi jaruntakarsa, mu faɗi riwayar Amadi Fatuma, mu faɗi ɗayar riwayar kuma, mu bar yara su auna. Sa'an nan mu ƙara musu da cewa Sarkin da ke Bin Yauri a ran nan yana da aikin da ya fi wannan girma. Ya karɓi ƙasa mai harsuna dabam dabam cikin zamanin da sarautu ke zuba kamar ganye da kaka, ya riƙe ta shekara 30, ya miƙa ta ga magadansa ɗungum. Yana da laifinsa game da talakawan tudu, Allah ne zai yi musu hisabi. Amma ba daidai ba ne a ce abin da duniya ta sani game da shi duka shi ne maganar mutum ɗaya wanda bai ga abin da ya faru ba.

Su kuma abokaina na ɗakin kwana, na yafe musu sunan da suka sa mini. In hutu ya zo ina gayyatarsu Yelwa su ci kifi da albasar gungu, su gani da idonsu yadda mu ke karɓar baƙo.

Allah ya jiƙan magabata, ya ba mu ikon faɗin gaskiya a kansu. Amin.